Kura da Shan Bugu: Tarihin Kiɗa Zalla a Gambarar Zamani ta Jihohin Kudun Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar taron biki ko na sarauta a ƙasar Hausa ya san cewa tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, makaɗa sun riga sun sanar da jama'a abin da ke tafe. Taken mutum ba ya bukatar murya. Da zarar an kaɗa shi, mai shi zai ji tsikar jikinsa ta tashi, ko da kuwa babu wanda ya ambaci sunansa. Duk da haka, idan taro ya watse, sunan mawaƙi kaɗai ake komawa gida da shi. Mu nawa ne a cikinmu za mu iya lissafa sunayen masu kalangun da suka yi shekara da shekaru suna bin Alhaji Mamman Shata?

Wannan maƙala za ta waiwayi irin wannan al'amari ne a wata ƙasa mai nisa da tamu, cikin waƙoƙin da matasanmu suke saurare dare da rana, wato gambarar zamani, wadda masu ita suke kira hip-hop. Za mu taƙaita bayaninmu a kan jihohin kudu na ƙasar Amurka, irin su Fulorida da Luwiziyana da Tekzas da Tenesi da Jojiya, yankin da a da aka fi bautar da baƙar fata a gonakin auduga da rake. Abin da muke nufi da kiɗa zalla shi ne sigar waƙar da aka zare muryar mawaƙi daga cikinta, aka bar ganguna da sauran kayan kiɗa suna tafiya su kaɗai. Abin da muke son nunawa shi ne, wannan kiɗa maras murya shi ne ya yi ta yawo daga gari zuwa gari yana haifar da sababbin salailai, alhali waɗanda suka haɗa shi sun daɗe suna jira kafin su sami suna, balle haƙƙinsu.

Asalin Kiɗa Zalla

Al'adar fitar da kiɗa zalla ta girmi gambarar kanta. A tsibirin Jamaika, wajen ƙarshen shekarun 1960, masu kamfanonin waƙa suka fara buga waƙa a fuska ɗaya ta faifan garmaho, a ɗaya fuskar kuma su buga kiɗan waƙar babu murya. Dabarar ta yi musu araha, domin ba sai sun biya kuɗin ɗaukar waƙa ta biyu ba. Ta kuma yi wa masu kiɗan dandali daɗi, don kuwa sai su ɗauki makirufo su riƙa zuba kirari da barkwanci a kan kiɗan.

Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, a Jamaika aka haife shi, ya koma birnin Niyok yana yaro. A ranar 11 ga Agusta, 1973, ya kunna kiɗa a wani ɗan biki a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, cikin unguwar Bronx, kuma wannan rana ce akasarin masu tarihi suke ɗauka a matsayin mafarin gambarar zamani. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gurbin da mawaƙi ya yi shiru, ganguna suka rage su kaɗai. Sai ya riƙa sayen kwafi biyu na faifai ɗaya, yana maimaita wannan gurbi daga faifai zuwa faifai har ya yi tsawo. Ke nan a kan kiɗa zalla aka haifi gambarar tun farko.

Da kamfanoni suka fara sayar da waƙoƙin gambara, sai ya zama ɗabi'a a fitar da kowace waƙa a faifai mai faɗin inci 12, a sa kiɗanta zalla a bayansa. An yi haka ne don amfanin dije, wato mai juya faifai a gidan rawa. Babu wanda ya yi tsammanin cewa bayan faifan zai zo ya fi gabansa albarka a wasu garuruwan.

Injin da Kasuwa Ta Ƙi

A shekarar 1980 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar da wani injin kiɗa mai suna TR-808, a kan kuɗi dala 1,195. An ƙera shi ne don ya kwaikwayi ganguna, amma makaɗa suka ce amonsa bai yi kama da na gangar gaskiya ba. Kasuwa ta ƙi shi. A 1983 aka daina ƙera shi, bayan an yi kimanin guda 12,000. Farashin na hannu ya faɗi warwas, har ya kai inda matasa marasa ƙarfi suke iya saye.

Abin da manyan makaɗa suka ɗauka aibi, shi ya zama jari a hannun waɗannan matasa. Babbar gangar injin tana da wani gunji mai kauri wanda ake iya jan wutsiyarsa ya daɗe yana ruri, har mutum ya ji shi a ƙirjinsa kafin ya ji a kunnensa. Waƙar "Planet Rock" ta Afrika Bambaataa, wadda ta fito a Niyok a 1982, ta nuna abin da injin zai iya. Amma a birnin Mayami na jihar Fulorida ne aka mayar da wannan gunji ya zama shi ne kiɗan gaba ɗaya. DJ Mr. Mixx, mai haɗa wa ƙungiyar 2 Live Crew kiɗa, yana cikin waɗanda suka aza harsashin wannan salo a tsakiyar shekarun 1980.

Akwai dalilin da ya sa salon ya kama a Kudu. Mutumin Niyok a jirgin ƙasa yake zirga-zirga, da 'yar na'urar saurare a kunne, saboda haka kalmomi yake bi. Mutumin Kudu kuwa a mota yake rayuwa. Samari suka riƙa cika but ɗin motocinsu da manyan lasifikoki, ana gasar wanda motarsa za ta fi girgiza tagogin unguwa. Don biyan wannan bukata, masu haɗa kiɗa irin su DJ Magic Mike na garin Orlando suka riƙa fitar da kaset wanda galibinsa kiɗa ne zalla, aka kuwa yi ta saye. A nan ne aka fara gane cewa ana iya cin kasuwa da kiɗa ko babu mawaƙi.

Faifan da Ya Yi Hijira

Babu labarin da ya fi bayyana ƙarfin kiɗa zalla kamar na wani faifai mai suna "Drag Rap". Wasu samari biyu 'yan unguwar Queens ta Niyok, Orville Hall da Phillip Price, masu kiran kansu The Showboys, su suka fitar da shi a 1986 ta hannun kamfanin Profile. A garinsu bai yi wani tasiri ba, aka manta da shi. Sai dai kwafinsa ya gangara Kudu. A birnin Memfis na jihar Tenesi, dije irin su DJ Spanish Fly suka riƙa kunna shi, jama'a kuma suka laƙaba masa suna "Triggerman".

A birnin Niyu Olins na jihar Luwiziyana ne faifan ya sami gida na dindindin. Wani mai suna DJ Irv ya riƙa maimaita kiɗan zalla a gidan rawa, MC T. Tucker kuma yana jefa baitoci gajeru, jama'a suna amsawa. A 1991 suka ɗauki wannan a kaset mai suna "Where Dey At". A 1992 DJ Jimi ya fitar da tasa sigar. Daga nan salon da ake kira bounce ya tsiro, salo mai kira da amshi, mai ambaton unguwanni ɗaya bayan ɗaya, kusan kamar yadda maroƙi yake zaga taro yana kiran sunayen gidaje. Waƙoƙi ɗaruruwa aka gina a kan 'yan daƙiƙoƙin nan na ganguna da wani amo mai kama da ƙararrawa mai hawa da sauka. Su kuwa samarin da suka haɗa shi, sai daga baya suka sami labarin cewa kiɗansu ya zama taken gari guda. Shekara 32 bayan fitowarsa, a 2018, aka sake jin tsakurensa a waƙar Drake mai suna "Nice for What", wadda ta hau kan jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka.

Daga cikin wannan makaranta ta bounce Mannie Fresh ya fito. Ɗan gado ne, domin mahaifinsa ma dije ne a titunan Niyu Olins. Daga 1993 zuwa 2005 shi ne ya haɗa kusan dukkan kiɗan kamfanin Cash Money. Kundin Juvenile mai suna "400 Degreez" na 1998, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 4 a Amurka, daga hannunsa kiɗansa ya fito. A ɗaya ɓangaren kuma kamfanin No Limit na Master P ya fitar da kundi 23 a cikin shekarar 1998 kaɗai, kuma wata 'yar ƙungiya ta masu haɗa kiɗa, Beats by the Pound, ita ta ɗauki mafi yawan wannan aiki. Hotunan mawaƙa ne a bangon kundayen, amma hannun da ya yi aikin 'yan kaɗan ne.

Mai Rage Gudu na Hiyustan

A birnin Hiyustan na jihar Tekzas, Robert Earl Davis, wato DJ Screw, ya bi wata hanya dabam. Yayin da Mayami take gudu, shi sai ya ja linzami. Yakan rage gudun faifai har muryoyi su yi kauri, ganguna su riƙa tafiya kamar raƙumi mai kaya. Da kwafi biyu na faifai ɗaya kuma yakan yanka wata gaɓa ya maimaita ta. Mutane sukan yi layi a ƙofar gidansa don sayen kaset, har ta kai a 1998 ya buɗe shago.

Kiɗa zalla shi ne ƙashin bayan aikinsa. Yakan juya bayan faifan wani mawaƙi, ya rage masa gudu, ya miƙa makirufo ga abokansa na unguwa su yi ta ƙirƙirar baitoci nan take. Mafi shahara a cikin irin wannan zama shi ne wanda aka ɗauka a 1996 don murnar ranar haihuwar wani abokinsu, aka sa masa suna "June 27". Fiye da rabin sa'a mawaƙa suka yi suna karɓa-karɓa a kan kiɗa ɗaya. Kiɗan kuwa asalinsa na wata waƙar Kris Kross ce da ba ta yi fice ba, wadda Jermaine Dupri na Atalanta ya haɗa. A yau mutanen Hiyustan suna jin wannan kiɗa a matsayin taken garinsu, da yawa ba su ma taɓa jin waƙar da aka ciro shi daga cikinta ba.

DJ Screw ya rasu a watan Nuwamba na 2000 yana da shekara 29, binciken likitoci kuma ya danganta mutuwarsa da shan kodin, masifar da mu ma ba baƙuwarmu ba ce. Faya-fayan da ya bari, fiye da dubu, suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Hiyustan, inda ɗalibai suke nazarinsu.

Memfis da Atalanta

A Memfis, a farkon shekarun 1990, samari irin su DJ Paul da Juicy J suna haɗa kiɗa a ɗakunan kwanansu da injuna masu araha, suna kwafa a kaset suna sayarwa a makarantu da shagunan kayan mota. Kiɗansu yana da duhu da tsoratarwa, kamar na finafinan dodanni, ga kugen injin 808 yana ta ƙara a cikinsa. Ƙungiyar da suka kafa, Three 6 Mafia, ta ci lambar Oscar a 2006 saboda waƙar da ta yi wa fim ɗin "Hustle & Flow". Shi kansa fim ɗin ya nuna yadda ake haɗa kiɗa a cikin ɗaki da 'yan kayan aiki ƙalilan.

A Atalanta ta jihar Jojiya kuwa, mutum uku ne, Rico Wade da Ray Murray da Sleepy Brown, suka haɗu a ƙarƙashin sunan Organized Noize. Sutudiyonsu wani ɗaki ne na ƙarƙashin ƙasa a gidan mahaifiyar Rico Wade, wanda ko siminti bai gama rufe shi ba. A nan suka reni ƙungiyar OutKast, suka haɗa mata kundinta na farko a 1994. Suna cakuɗa injin da kayan kiɗa na hannu, garaya irin ta Turawa da fiyano, abin da ya ba kiɗansu ɗumi. A watan Agusta na 1995, a taron ba da lambobin yabo na mujallar The Source a Niyok, 'yan kallo suka yi wa OutKast ihu lokacin da aka kira su karɓar lamba. André, ɗaya daga cikin mawaƙan biyu, ya mayar da martani da cewa Kudu ma tana da abin faɗa. A wannan shekara waƙar "Waterfalls" ta TLC, wadda Organized Noize suka haɗa, ta yi mako 7 a saman jadawalin Billboard. Rico Wade ya rasu a 2024.

Bayan shigowar sabon ƙarni, Atalanta ta zama cibiya. Lil Jon ya yayata salon crunk, mai ihu da tsalle. Labarin waƙar "Yeah!" ta Usher, wadda ta yi mako 12 a saman jadawali a 2004, yana nuna yadda kiɗa ya zama haja mai zaman kanta. An fara rera waƙar a kan wani kiɗa na Lil Jon, sai aka tarar ashe kiɗan ya riga ya shiga hannun Petey Pablo, har ya yi waƙarsa ta "Freek-a-Leek" a kai. Dole Lil Jon ya koma ya haɗa wani. Duka waƙoƙin biyu suka ci kasuwa.

Sai kuma salon trap. Kalmar tana nufin tarko, a bakin 'yan unguwa kuma tana nufin gidan da ake sayar da ƙwaya, domin rayuwar irin waɗannan wurare waƙoƙin suke bayyanawa. DJ Toomp ya yi aiki a kundin T.I. mai suna "Trap Muzik" na 2003. Shawty Redd ya yi wa Jeezy kiɗa a kundinsa na 2005. Zaytoven, wanda ya koyi fiyano a coci, shi ya riƙe Gucci Mane. A 2010 wani saurayi ɗan shekara 19 daga jihar Bajiniya, Lex Luger, ya haɗa kiɗan "Hard in da Paint" na Waka Flocka Flame da na "B.M.F." na Rick Ross, sai ga kowa yana kwaikwayonsa.

Yadda Ake Haɗa Kiɗan

Yana da kyau mu ɗan leƙa cikin ɗakin aikin, domin idan aka zare murya ne kunne yake iya rarrabe abubuwan da aka jera. Injin 808 yana da maɓallai 16 a jere, kowane ɗaya yana wakiltar wani gurbi a cikin zagaye ɗaya na kiɗa. Mai haɗa kiɗa zai zaɓi ganga, ya danna guraben da yake son ta buga, injin ya yi ta maimaitawa. Manhajojin kwamfuta na yau sun gaji wannan tsari.

A kiɗan trap, gudun yakan kai bugu 130 zuwa 150 a minti ɗaya, amma ƙaramar ganga mai kaifin amo, ko tafi, sau ɗaya tak take faɗowa a kowane zagaye mai bugu huɗu, a kan bugu na uku. Shi ya sa jiki yake jin kiɗan a rabin gudunsa. A sama kuma akwai amon 'yan farantan ƙarfe masu ƙyas-ƙyas, waɗanda ake jerawa da sauri, a wasu wurare a ninka su su zubo kamar tsakuwa a kan kwano. Hannun ɗan'adam ba ya iya wannan sauri, aikin inji ne. A ƙasa kuwa ga gunjin 808, wanda ake saita shi ya hau ya sauka bisa karin waƙar, ya yi aikin ganga da na babbar garaya a lokaci guda. Sai a ɗora ɗan gajeren kari mai sosa rai, da fiyano ko ƙararrawa ko sarewa, a yi ta maimaita shi. A tsakiya ana barin fili da gangan, domin nan muryar mawaƙi za ta zauna. Galibi ana ware zagaye 16 don baiti, 8 don amshi.

Masu kiɗan Niyok sun fi dogara da tsakure daga tsofaffin faya-fayai. Wannan hanya ta yi tsada bayan hukuncin wata kotu a 1991 a kan mawaƙi Biz Markie, wanda ya tilasta neman izini kafin a ɗauki tsakure. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar da ta shafi wani fim na kamfanin No Limit, ta yanke cewa ko tsakuren daƙiƙa biyu ne sai an biya. Makaɗan Kudu da yawa sun riga sun saba buga nasu karin da hannunsu a kan fiyano, saboda haka wannan tsada ba ta daƙile su ba kamar yadda ta daƙile wasu.

Kiɗan Aro da Rikicin Haƙƙi

Kiɗa zalla ya kasance filin gwada ƙwanji. Idan waƙa ta yi tashe, sauran mawaƙa sukan ɗauki kiɗanta su ɗora nasu baitocin, su raba a kaset ko faifan sidi na haɗe-haɗe wanda ba ya bi ta hannun kamfani. Lil Wayne na Niyu Olins ya ƙware a wannan. A "Dedication 2" na 2006, da "Da Drought 3" na 2007, da "No Ceilings" na 2009, ya riƙa hawa kiɗan wasu, sau da yawa har a manta da masu waƙar na asali. Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a wannan fage an sha ganin akasin haka. Da shi ma ya fitar da "A Milli" a 2008, sai mawaƙa barkatai suka rama, kowa ya ɗauki kiɗan ya gwada kansa.

Wannan ciniki ya daɗe yana tafiya a gefen doka, kamfanoni suna kau da kai saboda talla ce kyauta a gare su. A watan Janairu na 2007 'yan sanda suka kai samame sutudiyon DJ Drama da Don Cannon a Atalanta, suka kwashe faya-fayai kimanin 81,000, suka kama su biyun. Ba a kai ga yanke musu hukunci ba, amma daga nan harkar ta ƙaura zuwa intanet.

A duk wannan hada-hada, mai haɗa kiɗa shi ne na ƙarshe a layin rabo. Beats by the Pound sun bar No Limit a 1999 saboda saɓani a kan kuɗi. Mannie Fresh ya bar Cash Money a 2005 bisa irin wannan dalili. Bangladesh, wanda ya haɗa "A Milli", ya fito fili a 2010 yana kukan ba a biya shi kasonsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya ƙarfafa al'adar sa tambari, wato wata 'yar gajeruwar murya mai ambaton sunan mai kiɗan a farkon waƙa. Da farko kariya ce daga ɓarayin kiɗa. Daga baya ta zama kirari, har ta kai mai saurare yana jin tambarin Zaytoven ko na Mike Will Made-It ko na Metro Boomin zai san irin abin da ke tafe tun kafin mawaƙi ya ce uffan.

Zamanin Kwamfuta

Abin da injin 808 ya yi wa samarin shekarun 1980, shi manhajar FL Studio ta yi wa na bayansu. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya fitar da ita a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops. Da ita Soulja Boy ya haɗa kiɗan "Crank That", wadda ta yi mako 7 a saman jadawali a 2007 yana ɗan shekara 17. Da ita Lex Luger ya yi aiki. Sutudiyo ya koma cikin kwamfutar tafi-da-gidanka.

Daga nan kasuwar kiɗa zalla ta buɗe ga duniya. Matasa suna haɗa kiɗa mai kama da na wani shahararren mawaƙi, su ɗora a YouTube ko BeatStars, mai so ya biya 'yan daloli ya yi haya. A 2018 wani saurayi ɗan yankin Atalanta, Lil Nas X, ya sayi kiɗa a kan dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna YoungKio, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Waƙar da ya ɗora a kai, "Old Town Road", ta yi mako 19 a saman jadawali a 2019, abin da babu waƙar da ta taɓa yi kafin ta. Haka kuma tsofaffin kaset ɗin Memfis suka faɗa hannun matasan Rasha da wasu ƙasashe, suka bunƙasa salon phonk, wanda galibinsa kiɗa ne zalla.

A ƙarshe dai mai haɗa kiɗa ya fito gaban dandali. A 2018 Metro Boomin ya fitar da kundi da sunansa, "Not All Heroes Wear Capes", ya hau kan jadawalin kundaye, sannan ya biyo shi da sigar da ta ƙunshi kiɗan kowace waƙa zalla. A 2023 ya tsaya tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗan goge da begila a birnin Los Anjalis, aka buga kiɗansa. Tun kafin wannan ma, 'yan badujalar jami'o'in baƙar fata na Kudu, irin su Jami'ar Southern ta Luwiziyana da Jami'ar Jackson ta jihar Misisifi, sun daɗe suna busa waƙoƙin gambarar yankin a filayen wasa, dubban 'yan kallo suna gane kowace waƙa ba tare da an rera kalma ɗaya ba.

Kammalawa

Mun ga yadda injin da kasuwa ta ƙi ya zama gangar yanki guda, da yadda bayan wani faifai da aka manta a Niyok ya haifi salo a Niyu Olins, da yadda kiɗan wata waƙar Atalanta ya zama taken Hiyustan. A kowane mataki, kiɗan ne ya yi tafiyar, mawaƙa suka tarar da shi a hanya. Masu haɗa shi kuwa sai da suka shafe shekaru suna jayayya kafin sunansu ya fito a bangon kundi.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin manhajar da Lex Luger ya yi aiki da ita, ita ce a kwamfutocin ƙananan sutudiyo na Legas da Kano da Kaduna da Jos, gunjin 808 kuma yana cikin waƙoƙin 'yan gambararmu na Hausa. A cikin ɗalibanmu akwai masu haɗa kiɗa a ɗakunan kwanansu, akwai kuma masu saukar da kiɗan wasu daga intanet su ɗora murya. Ya kamata na farko ya koyi rubuta yarjejeniya tun kafin waƙa ta fita, na biyu kuma ya koyi ambaton mai kiɗa da biyansa. Mu kuma masu nazarin adabi, da muka saba rubuta matanin waƙa a takarda mu bar kiɗanta a waje, lokaci ya yi da za mu riƙa tambayar wanda ya kaɗa, mu rubuta sunansa kusa da na wanda ya rera.